Sunana Ya Samu Aiki

Ranar Talata sunana ya samu aiki.
Ni ban samu ba.
Davou mai jarida a Taminus ne ya yafito ni,
ya buɗe shafi na goma sha ɗaya, ya kafa yatsa:
ga ka nan, Zubairu Ɗanlami Gangare,
lamba ta ɗari bakwai da biyu,
mai kula da sito a Bukuru tun watan Maris.

Na dubi takalmana.
Tun Maris ɗin su ke aiki, har sun buɗe baki.

Bara ne aka ce gwamnati ta gaji
da ganinmu muna ɗumama benci,
ta ba wani kamfani kwangilar nema mana abin yi.
Bene mai gilashi a Rayfield.
Muka kama layi tun asuba, sanyi na cizon kunne,
takardun makaranta a leda kamar tsarabar nama.
Aka ba mu lemo, rabin burodi,
da riga mai tambarin rana tana fitowa.
Kwana uku wani mai kwat yana koya mana murmushi,
da yadda ake zama a kujera
kamar an karya kumallo.
Mai hoto ya ce a ɗaga takarda sama. Muka ɗaga.
Kaneng, mai rubuta sunaye, ta miƙo biro
ta ce ƙasa-ƙasa:
kowane sa hannu kuɗi ne, sai dai ba naka ba.

Kakana ya haƙi kuza a Barikin Ladi.
Ya ce a sikeli ake zubawa, malamin awo ya rubuta,
kuza ta hau jirgi, rami ya zauna.
Ramukan suna nan har yau, ruwa ya cika su, kore shar,
wani lokaci saniya ta faɗa.
Ashe ba a daina haƙa ba, Kaka.
An auna mu, an rubuta,
an kai takarda Sakatariya, an biya da kai.

Na ci bashin kuɗin mota na tafi Bukuru
in gaida aikina.
Adireshin ya kai ni gaban wani kango,
kwaɗo ya yi tsatsa, akuya na barci a bakin ƙofa.
Mai suyar dankali ta ce, sito?
Kai ne na huɗu yau.
Ta ba ni guda biyu da yaji, ta ƙi karɓar kuɗi.

A Rayfield an sauke allon.
Yanzu tayil ake sayarwa a benen.
Kaneng na tsallaken titi ƙarƙashin laima
tana cire wa mutane kuɗi da ɗan inji.
Wata huɗu take bin su.
Ta ce ita a shafi na tara take, manaja ce.
Muka yi dariya har mai gadi ya leƙo.

Kafin in iso gida labari ya riga ni.
Maƙwabta sun shigo wa Inna Tabawa barka,
mai gida ya aiko a tuna mini kuɗin haya,
ƙanin babana yana son rance, ba mai yawa ba.
Inna ta saka ƙashi a miya.
Na zauna na ci. Ban iya cewa komai ba
sai da ta kwashe kwano.

Yanzu dare ya yi, babu wuta.
Na saka rigar tasu, don tana da kauri.
Wani wuri a cikin garin nan sunana ya tashi daga aiki,
ya kulle sito, ya jefa makulli a aljihu.
Zubairu, in an yi albashi ka tuna da ni.
Tare muka yi layi.